Kwalabe Goma Sha Biyu na Mawande

Ranar Alhamis ce da hantsi. Zikhona tana tsakar gida tana taya Mama tace burkutu, hannuwanta dumu-dumu da dusa, sai ta hangi wani dogon saurayi tsaye a bakin shinge. Bai shigo ba. An naɗe masa goshi da bandeji, rigar jikinsa ta yi masa yawa kamar ta aro. Ya cire hularsa yana ta murza ta da hannu biyu.

Idanunsa ta fara kallo. Ta daɗe tana jin kunyar wannan daga baya, wai a ranar da aka kawo mata mutuwar yayanta ta tsaya kallon idon namiji.

"Nan ne gidan su Mawande?" ya tambaya.

"Nan ne. Ya yi tafiya, sai jibi."

"Na sani. Tare muka tafi. Ni ne Luzuko."

Ta san sunan. Abokin aikin yayanta ne a wani gareji a garin Qonce, wanda Mawande ya laƙaba wa Fasto saboda ko ɗigon giya ba ya kaiwa bakinsa.

Mama ta ɗago daga kan tukunya. Luzuko ya durƙusa daga inda yake, ya ce, "Mama, ko akwai wani babban namiji a kusa da zan yi magana da shi?"

Mama ta ajiye rariyar a hankali, ta goge hannu a zaninta, ta zauna a ƙasa cikin laka. Ta riga ta gane. Ba a neman babban namiji sai da irin wannan saƙon.

Sati biyu kafin nan Mawande ya ɗauki hutu ya ari a-kori-kura. Ya ce akwai mutane a ƙananan garuruwa, daga bakin teku har cikin busasshen dajin Karoo, masu dafa giya da hannu a bayan gida, su ɗura a kwalba, su manna mata suna, baƙi kuma suna tuƙi mai nisa don su saya. Ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya kawo kwalba goma sha biyu, Mama ta ɗanɗana da bakinta, ta ga cewa babu hannun da ya kai nata. Burinsa wata rana a ga burkutun Mama a kwalba da sunanta a jiki. Shi zai riƙa ɗanɗanawa, Fasto ya riƙa tuƙi. Haka suka shirya.

A hanyar dawowa, saura kwalba ɗaya su cika, rana tana faɗuwa, wani ƙaton gwanki ya tsallako shingen gona ya faɗo musu ta gilashin gaba, ta ɓangaren da Mawande yake zaune.

Kwana uku bayan jana'iza Luzuko ya dawo ɗauke da akwatin katako. Ya ajiye a bakin shinge ya buɗe. Kwalabe ne goma sha ɗaya, kowace an naɗe ta da riga ko safa, gurbi ɗaya babu komai. Ko tsagewa babu wadda ta yi.

Mama ta fito cikin baƙaƙen kaya ta leƙa akwatin.

"Kwalba ba ta fashe ba," ta ce, "ɗana ne ya fashe. Kai ka dawo, kwalabe sun dawo. Ɗauke kayanka. Muddin ina numfashi ƙafarka ba za ta tsallake wannan shingen ba."

Ya ɗauki akwatin ya juya. Zikhona tana bayan ƙofa tana kallon yadda kafaɗunsa suke rawa.

Wanda ya tsaya a kan hidimar jana'izar Bandile ne, ma'aikacin wani kamfanin binne gawa, mai baƙar mota da takalmi mai sheƙi. Tun ba yau ba yake son Zikhona, yanzu kuwa ya sami ƙofa. Kullum yana gidan, yau ya kawo sukari, gobe ya kawo kujeru. Shi ne ya fara cewa a gaban mutane, "A yi tafiyar neman giya kwana goma, a ce direba bai sha ba? Yara ake gaya wa wannan." Maganar ta zauna a zuciyar Mama daram.

Wanda ya mutu a hanya ba a barinsa a can. Gawa ta zo gida, amma shi kansa yana tsaye a inda ransa ya fita, sai an je an ɗauko shi. Ana yanko reshen magaryar kura, a kai wurin, a kira sunansa, a ce ya taso a tafi gida. Wanda ya riƙe reshen ba ya magana da kowane mai rai har a iso. Da mamacin kaɗai yake magana, yana faɗa masa kowane gari da kowace gada don kada ya ɓata.

Baffa Zolile, ƙanin mahaifinsu marigayi, shi ya tafi. Bandile ya kai shi a baƙar motarsa, da takardar 'yan sanda a hannu, har kwanar da shinge ya karye. Suka dawo da reshen, aka soke shi a turken tsakiyar garke. Mama ta ɗora burkutun tarbarsa.

Kwana huɗu bayan nan ta kyasta ashana ta kai bakin tukunya. In burkutu ya nuna, numfashinsa yana kashe wutar nan take. Ashanar ta ci gaba da ci har ta ƙona mata yatsa.

Shekara talatin tana wannan aiki, bai taɓa yi mata haka ba. Ta zubar, ta sake jiƙa dawa. Na biyu ya yi yauƙi. Na uku ya yi wari kamar ruwan kwata. Daga nan Mama ta daina cin abinci sai an matsa mata. Ta ce tana ganin Mawande a mafarki tsaye a bakin titi, leɓensa a bushe, yana kallon motoci suna wucewa.

A cikin watan nan ne saƙo ya shigo wayar Zikhona tana wurin aiki, a gidan burodin da ke tsallaken kogi a garin Qoboqobo.

"Zikhona, Luzuko ne. Ki yi haƙuri, a wayar yayanki na ga lambarki. Akwai rubutun hannunsa a jikin kwalaben nan. Ban ga ya kamata ya zauna a wurina ba. In ba ki so, kada ki amsa, ba zan sake damunki ba."

Ta yi kwana biyu ba ta amsa ba. Rana ta uku ta rubuta, "Asabar, tashar mota, ƙarfe ɗaya. Guda ɗaya za ka kawo. Ba zan iya ɓoye akwati ba."

Ya zo da ita a cikin ledar burodi. Baƙar kwalba ce, an manna mata farin salatif, a kai ga rubutun Mawande mai kama da tafiyar kaza: "Ta ɗaya. Ɗaci kamar matar Baffa."

Dariya ta kuɓuce mata, kuka ya biyo baya. Luzuko ya tsaya gefe yana kallon takalminsa har ta gama.

"A ina kuka samo wannan?"

"Wurin wani tsoho a bakin teku, a cikin rumfar gyaran kwale-kwale yake dafawa. Yayanki ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya ce wa mutumin ta yi daɗi ƙwarai. Muna fitowa ya ce in ba shi ruwa zai mutu."

Haka Asabar ta zama tasu. Kowane mako kwalba ɗaya, da labarin garin da aka samo ta. Wata an dafa ta da ɓawon lemo, wata tana ƙamshin hayaƙi, wata wasu 'yan'uwa mata biyu ne suka yi ta a tsohon ɗakin tatsar madara, suna faɗa da juna tun daga shigarsu har fitarsu. Zikhona ba ta buɗe ko ɗaya ba. Tana kai su ƙarƙashin gadonta ta jera. A kan ta huɗu an rubuta, "Zuma. Zizi za ta so ta, ko da za ta ce ba ta so." A kan ta bakwai, "Fasto ya shinshina ya yi atishawa. Rago."

"Me ya sa ba ka sha?" ta tambaye shi ranar ta bakwai.

"Babana ya sha nasa da nawa. Ina shekara tara muka ɗauko shi daga cikin kwalbati."

"To me ya kai ka tafiyar giya?"

"Wani ne zai yi tuƙi. Na ce gara ni, don ya dawo lafiya." Ya kalli tafin hannunsa. "Kin ga yadda na iya."

Ranar ce ta fara kama hannunsa. Da yamma ya turo saƙo: "Zizi, in kin yarda in kira ki haka. Hannuna har yanzu yana ƙamshin burodi. Ban wanke ba." Ta amsa, "Ka wanke, Fasto, ƙazanta ba ibada ba ce." Ta kifa wayar a ƙirji ta daɗe a haka, tana jin tarin Mama ta bango.

Abu ɗaya ta hana shi. Duk lokacin da ya nufi labarin ranar ƙarshe sai ta ɗaga hannu. Ba ta son ji.

Bandile ne ya gan su a tasha. Kafin ta iso gida labari ya riga ta. Ta tarar da Mama zaune a bakin gadonta, kwalabe tara a jere a ƙasa.

"Da wanda ya kashe yayanki," Mama ta ce. Muryarta ba ta tashi ba, ƙarfin ma babu. "A ƙarƙashin rufina. Shi ya sa ɗana ya ƙi shigowa. Ga mutumin kirki yana zarya a gidan nan, ke kina tasha da mashayi."

"Mama, ba ya sha."

"Ke kika haife shi?"

Zikhona ta ce a ranta watakila ma gaskiyar Mama ce, watakila ita ce ta tare wa yayanta ƙofa. Ta rubuta masa, "Kada ka zo Asabar. Kada ka sake zuwa. Mama tana ƙarewa a gabana. Tun da aka ɗauko Yaya daga kwanar nan da shinge ya karye burkutunta bai sake nuna ba, ta ce saboda mu ne."

Ba a yi minti ɗaya ba wayar ta yi ƙara. Ta kashe. Ta sake yin ƙara, ta kashe. Sai saƙo ya shigo.

"Wace kwana? Zizi, ba a nan ya rasu ba. Ki ɗauki waya don Allah."

Ta ɗauka, ta fita bayan garke.

"Da ransa muka bar wurin," in ji Luzuko. "Wani manomi ya tsaya ya ɗauke mu a bayan motarsa. Kansa yana kan cinyata. Mun yi tafiyar kusan minti ashirin. Ya ce ƙishi yake ji. Na buga wa manomin rufin mota, ya tsaya a wani wuri mai injin ruwa na farfela da kwamin shayar da tumaki. Na sauka na jiƙo rigata. Ina matsa masa a baki ya tafi. Ban san an je ɗauko shi ba. Ba wanda ya tambaye ni. 'Yan sanda inda mota ta tsaya suka rubuta."

Zikhona ta jingina da katakon garke. Wata biyar ke nan yayanta yana tsaye a bakin titi, an zo an kira sunansa a wani wurin, an juya an tafi.

Ba ta je wurin Mama ba, gidan Baffa Zolile ta nufa. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Ni da na tsaya ina yi wa shinge surutu kamar mahaukaci." Ya ɗauki sandarsa suka taho tare.

Suka gaya wa Mama, tana kwance ta juya musu baya. "Ƙarya yake. Hanyar shiga gidana yake nema."

"Matar yaya," Baffa ya ce, "in ƙarya ce, man mota kawai muka ɓata. In gaskiya ce fa? Sau nawa kika ce kin ga leɓensa a bushe?"

Can Mama ta ce, "Ku je. Amma a shinge zai tsaya."

Baffa ya yanko sabon reshe, ya miƙa wa Zikhona. Ta ja baya.

"Baffa, ni mace ce, kuma ƙarama."

"Na kira shi sau ɗaya bai zo ba. Muryarki ya fi sani, da ita kika hana shi barci shekara ashirin. Karɓi."

Zikhona ta mayar da kwalabe taran nan cikin akwatin, suka tashi da sassafe a motar garejin su Luzuko, su uku a gaba, Baffa a tsakiya kamar katanga. Bayan sun wuce garin Graaff-Reinet Luzuko ya rage gudu.

"Baffa, akwai wuri ɗaya da ya rage masa. Can muka nufa ranar. Awa ɗaya ne ta hanyar dutse. Ya ce wa Mama goma sha biyu zai kawo."

Baffa ya kalli Zikhona, ya kalli titi. "Mutum ba ya komawa gida da saƙo bai cika ba. Juya."

Ƙauye ne ƙarami a tsakanin duwatsu. A ƙarshen layi, bayan wata bukka mai rufin kwano, suka sami tsohuwa gajera mai takalmin roba tana wanke tukunyar jan ƙarfe. Tannie Griet ake ce mata. Da Luzuko ya faɗi sunan Mawande sai ta saki soso.

"Yaron da ya kira ni sau uku a waya? Mai cewa uwarsa ta fi ni iyawa? Na ajiye masa kwalbarsa, na ce in ya zo sai na ja masa kunne. Ina yake?"

Sai ta ga reshen a hannun Zikhona, ta rufe baki da tafin hannu. Ta shiga ciki ta fito da kwalba mai ruwan ƙasa, duk ƙura. Luzuko ya kai hannu aljihu, ta buge hannun.

"Ku kai wa uwarsa. Ku ce wata tsohuwa ta ce ta ɗanɗana ta faɗi gaskiya."

Rana ta take tsaka suka isa injin ruwan. Babu gida, babu itace, sai farfela tana juyawa tana kuka, da kwami mai gansakuka. Luzuko ya taka zuwa gefen kwalta, ya tsaya, ya nuna ƙasa da yatsa.

Zikhona ta durƙusa ta shafa reshen a ƙasa. Ta ɗebo ruwa a kwamin da tafin hannu ta yayyafa masa.

"Yaya Mawande, ni ce Zizi. Ka yi haƙuri mun daɗe. Mun je wani wurin ne, ba mu sani ba. Sha ruwa. Taso mu tafi gida, Mama tana jira."

Daga nan bakinta ya rufe ga masu rai. Ta zauna a bakin taga da reshen a cinya, ƙayarsa tana kama mata siket, ɗaya ta miƙe gaba, ɗaya ta lanƙwasa baya.

"Yaya, mun shiga mota. Fasto ne yake tuƙi."

"Yaya, ga Graaff-Reinet, ba za mu tsaya ba."

"Yaya, ga gada. Riƙe ni."

Bayan Pearston Baffa ya ja hula ya rufe fuska, ya fara wani minshari da ko yaro ya san na ƙarya ne. Luzuko ya yi tuƙi mai nisa idonsa a kan titi, sannan ya yi gyaran murya.

"Zizi, na san ba za ki amsa ba. Shi ya sa zan faɗa yanzu, in kina da baki ba zan iya ba. In mun isa zan tsaya a shinge kamar yadda Mama ta ce. In ta ce in tafi zan tafi, ba zan sa ki zaɓa tsakanina da ita ba. Amma ina so ki sani, tun ranar da na gan ki da dusa a hannu, na zo da mugun labari a bakina, na ji kunyar abin da zuciyata ta yi. Har yau ina jin kunyar. Ban da komai sai akwatin sifana da ɗaki ɗaya a Qonce. Ina son in aure ki. Shi ke nan."

Motar ta yi tsit, minsharin ma ya tsaya. Zikhona ta cije leɓe har ta ji gishirin jini. Kalma ɗaya gare shi, yayanta zai sauka a nan, a tsakiyar daji. Ta sunkuya kan reshen.

"Yaya, kana jin abokinka? Wata biyu yana kawo mini kwalba, sai yau da aka ɗaure mini baki ya sami nasa. Ka ce rago ne, ban yarda ba sai yanzu." Hawaye ya ɗiga a kan ganyen. "Yaya, in da hali ka gaya masa na ji. Ka gaya masa ni ma ranar idonsa na kalla. Ga Somerset East, Yaya, za mu wuce ta tsakiya."

Luzuko ya goge fuska da hannun riga. Daga ƙarƙashin hula Baffa ya ce, "Kalli titi, ɗan nema. Mutum huɗu ka ɗauko."

La'asar ta yi sanyi suka iso. Maƙwabta sun taru a tsakar gida, Bandile yana cikinsu da takalminsa mai sheƙi. Mama tana zaune a ƙofar ɗaki an jingina ta da matashi. Tun ranar da suka yi maganar ta sa matan layi suka jiƙa mata dawa, ta ce wannan ne na ƙarshe, in bai nuna ba ba za ta sake ɗora tukunya ba.

Luzuko ya kashe mota, ya sauko da akwatin, ya tsaya a bakin shinge.

"Yaya, ga gida," in ji Zikhona. "Ga shingen da ka ce za ka gyara. Ga Mama. Shigo."

Ta wuce garke, Baffa ya karɓi reshen ya soke a turke, ya kira sunayen kakanni ɗaya bayan ɗaya, ya ce ga ɗansu ya dawo. Aka kama Mama aka kai ta gaban tukunya. Sai a karo na uku ashanar ta kama. Ta kai ta bakin tukunyar.

Wutar ta mutu kamar an hure ta.

Mama ta tsaya tana kallon siririn hayaƙin. Ta sake kyasta wata, ita ma ta mutu. Sai ta dafa tukunyar da hannu biyu ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Matan suka riƙe ta. Bandile ya duba agogonsa, ya zame ta bayan ɗaki.

Da ta natsu ta ɗebi burkutun a ƙwarya, ta zuba na farko a gindin turke. Ta sake cikawa, ta taka da kanta, ba mai riƙe ta, har bakin shinge. Ta daɗe tana kallon Luzuko.

"An ce ka ba shi ruwa."

"Da rigata, Mama. Abin da na samu ke nan."

"Ya sha?"

"Ya sha kaɗan."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙa masa ƙwaryar ta saman shinge. Ya karɓa da hannu biyu, ya kalli abin da ke ciki, ya kalli Zikhona.

"Mama, ki gafarce ni. Ban taɓa sha ba."

"Na sani," ta ce. "Tun da ka karɓa na gani, mai sha ba ya riƙe ƙwarya kamar an ba shi jariri. Ba sha na ce ka yi ba. Kai wa abokinka, yana garke." Ta janye sandar da ke tare ƙofar. "Ka shigo da kayansa ma. Nawa ne?"

"Goma sha biyu, Mama."

Sai da Mama ta cire baƙaƙen kaya, shekara ta zagayo, sannan baffannin Luzuko suka zo neman aure. Baffa Zolile ya bar su tsaye a rana awa biyu, wai bai ji sallamarsu ba. Aka ɗaura aure a cocin Qoboqobo cikin watan Disamba, aka dawo gida aka yanka sa.

Da yamma Mama ta sa aka fito da akwatin. Aka buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya, a zuba wa turke kaɗan, ta kurɓa, Zikhona ta karanta rubutun. A ta ɗaya Mama ta yamutsa fuska, da aka karanta abin da ke jiki matar Baffa ta tashi za ta tafi gida, sai da aka ba ta haƙuri. A kan ta goma sha ɗaya Mawande ya rubuta, "Ba ta kai ta Mama ba. Babu wadda ta kai." Zikhona ta kasa ƙarasawa, Luzuko ne ya karanta.

Ta goma sha biyu ba ta da rubutu. Mama ta kurɓa, ta juya ta a baki, ta haɗiye.

"Ku gaya wa tsohuwar nan ta iya. Ta yi saurin saukewa da kwana ɗaya, amma ta iya."

Ta sa su durƙusa a gabanta, ta ɗora hannu ɗaya a kan Zikhona, ɗaya a kan tabon goshin Luzuko.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Duk inda kuka je, ya dawo da ku gida da ƙafafunku. Kai kuma, ɗana, ka riƙa tuƙi da rana."

Mama ta yi shekara biyu bayan bikin, ta ga jikanta na fari, aka sa masa Mawande. Burkutunta bai shiga kwalba ba har ta rasu. Tukunyar tana wurin Zikhona yanzu, kwalaben goma sha biyu kuma suna jere a kan kabad, babu komai a ciki, rubutun ya fara dushewa.

Luzuko ya dawo da aikinsa Qoboqobo. Zikhona tana nan a gidan burodi, kullum da safe tana tafiya a ƙasa, ta gangara ta tsallake kogi. In tana tare da mutane takan ɗan ja baya kamar za ta gyara takalmi. Da ta ɗora ƙafa a kan gadar sai ta ce a hankali, yadda ba wanda zai ji, "Yaya, ga gada. Riƙe ni."